Tarzan da 'Yan Dako: Wa Muke Yi wa Tafi?

A 'yan kwanakin nan ana ta yaɗa guntayen tsofaffin finafinan Tarzan a WhatsApp da Facebook, ana rubuta "Allah sarki zamanin da" a ƙarƙashinsu. Dattawan da suka yi ƙuruciya lokacin da gidajen sinima irin su Dunia a Nima da Orion a Circle suke tashe, suna gani suna tuna daɗin yarinta, har suna miƙa wa jikoki waya su kalla. Tuna baya ba laifi ba ne. Amma miƙa wa yaro wannan kallo ba tare da an ce masa uffan ba, kuskure ne babba, kuma ya kamata a daina.

Bari mu fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Johnny Weissmuller, wanda duniya ta fi sani da Tarzan, gwanin ninƙaya ne na gaske. An haife shi a 1904 a wani gari da ke cikin Romaniya ta yau, iyayensa suka kai shi Amurka yana jariri. A 1922 ya zama mutum na farko da ya yi ninƙayar mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya. Ya ci lambar zinariya uku a gasar Olamfik ta 1924 a Faransa, ya ƙara biyu a ta 1928. Wannan duk guminsa ne, babu mai ƙwace masa.

Daga ruwa kamfanin MGM ya ɗauko shi ya sa shi a fim ɗin Tarzan the Ape Man na 1932. Ya fito a matsayin Tarzan sau 12 har zuwa 1948. Da jiki ya fara nauyi, sai aka sa masa riga da wando na kaki, ya koma Jungle Jim a kamfanin Columbia, ya ci gaba da yawon dajin har tsakiyar shekarun 1950. Ya rasu a Meziko a 1984. Fiye da shekara 20 ke nan yana sarautar wani daji da aka ce wa duniya shi ne Afirka.

To, wace Afirka? Edgar Rice Burroughs, wanda ya ƙago Tarzan a 1912, bai taɓa taka ƙasar Afirka ba har ya mutu. Finafinan kuwa a Amurka aka ɗauki galibinsu, a filin kamfani da bakin tafkunan Kalifoniya da Florida. A fim na farko an ɗinka wasu hotunan da aka ɗauko daga Gabashin Afirka domin wani fim daban mai suna Trader Horn. Giwayen ma na Indiya ne, aka liƙa musu manyan kunnuwa na ƙarya don su yi kama da namu. Kalmar "umgawa" da Tarzan ke umurtar mutum da dabba da ita, ba harshen kowa ba ce, a can aka ƙirƙire ta. Ƙasar ƙarya, giwar ƙarya, harshen ƙarya. Abin da ya rage na gaske shi ne darasin da fim ɗin ke koyarwa.

Wanda ke son ganin darasin, ya ɗauke ido daga kan Tarzan ya dubi bayan ayari. Can zai ga baƙaƙen mutane a jere, kaya a ka, ba suna, ba magana, ana kora su da bulala. A fim ɗin 1932, ɗan dako ya zame daga kan dutse ya faɗa rami, abin da Bature ya fara tambaya shi ne me ke cikin kayan da ya faɗi da su. A Tarzan and His Mate na 1934, ɗan dako ya ji tsoro ya ƙi gaba, Bature ya harbe shi nan take, tafiya ta ci gaba. Birin Tarzan yana da suna, Cheeta, kowa ya san shi. A cikin masu yaɗa guntayen nan, wa zai iya kawo sunan ɗan dako ɗaya?

Mu kuwa 'ya'yan ayari ne. Kakanninmu da ƙafa suka bi hanyar Gwanja, suka kai kanwa da tufafin Kano kasuwar Salaga, suka juyo da goro. Kalmar zango kanta sunan masaukin fatake ce. Kowane ayari yana da madugu, da jagaba, da uban dawaki, kowa da aikinsa da sunansa da zuriyarsa. A shekarar da aka fitar da Tarzan na farko, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, yana nan da ransa a Kete Krachi, ya shafe shekaru yana karantarwa yana rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa, har da waɗanda ya yi a kan zuwan Nasara. Sai a 1934 ya rasu. Wato a lokacin da ake nuna wa duniya Afirkar da ba ta iya haɗa jimla, a gaɓar kogin Volta akwai malamin da ke rubuta tarihin masu nuna fim ɗin.

Za a ce ai wasa ne, nishaɗi ne, me ya yi zafi? Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Martinique, ya amsa wannan tun 1952. Ya lura cewa baƙin yaro a ƙasarsu idan yana kallon Tarzan, kansa yake ɗauka Tarzan, yana murna ana fatattakar baƙaƙe. Sai ranar da ya zauna a sinimar Turai, 'yan kallo suka juyo suna dubansa, sannan zai gane wane ne shi a cikin fim ɗin. Muhammad Ali, wanda ya ziyarci Ghana a 1964, ya sha yin ba'a da wannan abin mamaki: ta yaya sarkin dajin Afirka ya zama farar fata? Wasan da ke sa yaro ya yi wa mai dukan kakansa tafi ya wuce wasa.

Kuma kada a ce abin bai taɓa mu ba. A fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir na 1958, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville ta Abidjan, samarin Nijar 'yan ci-rani ne suka fito, wasunsu da laƙabin taurarin sinima, kuma ɗaya daga cikinsu Tarzan ake kiransa. Irin samarin da suka cika zangunan Accra da Kumasi ke nan a wancan zamani. Amma a dubi abin da babban tauraron fim ɗin ya yi. Oumarou Ganda, mai ɗaukar kaya a tashar jirgin ruwa, ya ajiye laƙabin aro, ya koma Yamai ya riƙi kyamara da kansa. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya zama na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Ɗan dako ya fito daga bayan ayari ya zama madugu. Nan gida ma Kwaw Ansah ya ci wannan kyauta a 1989 da Heritage Africa, labarin mutumin da ya ji kunyar sunansa har ya murɗe shi ya zama na Turawa.

Yanzu ga maganar da ta fi ɗaci, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba. Mun san zafin a ɗauke ka baƙo marar fuska. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta raba iyalai da dama a zangunan ƙasar nan, kuma har yau muna ƙorafi idan aka nuna ɗan zango a fim a matsayin maigadi ko ɗan tauri kawai. Amma mu fa? Yarinyar da ta zo daga Arewa take ɗaukar mana kwano cike da kaya a Makola ko kasuwar Nima, wadda ake kira kayayoo, sunan da rabinsa kalmarmu ce ta "kaya", mu nawa ne ke tambayar sunanta? Idan ta yi tuntuɓe, ita muke fara dubawa ko tumatirinmu? Wanda ya fara duba tumatir, ya haddace darasin 1932 ko da bai taɓa shiga sinima ba.

Ba ina kira a goge finafinan ba ne. A kalle su, amma babba ya zauna kusa da yaro, ya tsayar da hoton a kan 'yan dako, ya tambaye shi: waɗannan su wane ne, ina iyalansu, me ya sa ba sa magana? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan wayar da muke tura ihun Tarzan da ita, tana da kyamarar da Oumarou Ganda bai taɓa mafarkin samu a aljihu ba. A Kotobabi da Maamobi da Nima da Sabon Zango akwai tsofaffin da suka yi fataucin goro da shanu, suka ga 1957, suka ga 1969, kuma kullum sai raguwa suke yi. Matasa su je su gaishe su, su nemi izini, su ɗauki labarinsu da Hausar bakinsu, da sunayensu cikakku. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Allah Ya sa mu gane, Ya ba mu ikon gyarawa.