Cokali Shida da Rabin Cokali: Darasi ga Mai Rubutu kan Lafiya



Maganarmu ta wannan fitowa ta shafi duk wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami don ya ba jama'a shawara a kan lafiya: sakataren ƙungiyar unguwa mai rubuta sanarwa, malamar makarantar matan aure, mai gabatar da shiri a rediyon karkara, ɗalibin da ke fassara wa iyayensa takardar likita daga Faransanci, har da mai tura saƙo ta wayar salula. Wanda ya rubuta labari maras daɗi, iyakar abin a yi hamma a ajiye takardarsa. Shi kuwa mai ba da shawarar lafiya, wata uwa ce za ta tashi da tsakar dare ta aikata abin da ya faɗa a jikin ɗanta. Saboda haka abin da ake auna irin wannan rubutu da shi guda ne: idan mai karatu ya kai ƙarshe, shin ya san abin da zai yi, da gwargwadon da zai yi, da lokacin da zai bar dabarar gida ya nufi likita?

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, wato ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, domin da wuya a sami wani magani da amfaninsa ya rataya ga iya bayani kamarsa.

Da yawa daga cikin yaran da gudawa ke hallakawa, ƙarewar ruwa da gishirin jiki ce ke kai su. A da, babbar hanyar ceton wanda ya galabaita ita ce ƙarin ruwa ta jijiya, abin da ke buƙatar asibiti da ƙwararre. Cikin shekarun 1960 masu bincike suka gano cewa idan sukari da gishiri suka haɗu a hanji, sukarin yakan ja gishirin ya ratsa da shi cikin jiki, ruwa kuma ya bi bayansu, ko da majinyacin yana fama da kwalara, wato amai da gudawa. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin ƴan gudun hijira da ke kan iyakar Indiya, ruwan jijiya kuma ya yi ƙaranci. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari a manyan duro, ƴan'uwan majinyata suka riƙa ɗiba suna ba su. Mace-macen da a da ke kai kusan kashi 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da kashi 4 a cikin waɗanda aka yi wa wannan magani.

To, an sami magani mai araha, saura a shigar da shi ɗakin kowace uwa. Nan ne aikin ya bar hannun masu bincike ya koma hannun masu bayani. Daga 1980 zuwa 1990 ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a Bangaladash, ta aika mata ma'aikata gida-gida, suka koyar da iyaye mata a gidaje kimanin miliyan 12. Mafi yawan matan ba su karatu, ba su da ma'auni, wasu ko cokali babu. Sai aka zuba ilimin cikin abin da kowace mace ke da shi: gishiri gwargwadon abin da yatsu uku za su tsinto, mazarƙwaila damƙin hannu guda, ruwa rabin lita. Aka taƙaita dukkan saƙon cikin ƙa'idoji bakwai. Bayan wani lokaci sai masu bin sawu su zo su zaɓi wasu gidaje, su tambayi uwa abin da ta riƙe, su sa ta haɗa ruwan a gabansu, a kai shi ɗakin bincike a auna gishirinsa. Albashin ma'aikaciya yana hawa ko ya sauka gwargwadon abin da matan da ta koyar suka iya. A 1980 gudawa tana kashe yara ƙanana kimanin miliyan 4 da rabi a shekara a duniya. A ƴan shekarun nan adadin ya komo ƙasa da rabin miliyan. Tsabtar ruwa da riga-kafi sun taimaka, amma wannan ruwa yana da kaso babba a ciki.

Wancan awo na yatsu da damƙi an yi shi ne don mutanen can da kayan da suke da shi. Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne hanya, kuma farkon hanyar ita ce faɗin awo ba tare da kewaye-kewaye ba. Mu Hausawa muna son mu ce "ɗan gishiri kaɗan" ko "sukari daidai misali". Wannan ya wadatar a miya, domin mai girki za ta ɗanɗana ta gyara. A ruwan mai gudawa kuwa, gishiri idan ya yi yawa yakan iya jawo wa yaro jijjiga har ya rasa ransa, sukari idan ya zarce yakan ƙara gudawar. Awon da aka sani shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kowane cokali a shafe bakinsa kada ya yi tudu.

A nan akwai wani rami da ke jiran mu masu aiki da harshe biyu. Faransanci ya raba cuillère à café da cuillère à soupe. Na farko yana ɗaukar mililita 5, na biyu 15. Mai fassara cikin gaggawa idan ya kira su duka biyun "cokali", ya bar wa uwa ƙofar da za ta ninka gishirin sau uku ba ta sani ba. Haka ita ma lita. Babbar gorar ruwan sha da ake sayarwa a kanti sau da yawa lita ɗaya da rabi ce, ledar ruwa kuwa wadda aka rubuta 50 cl a jikinta sai an haɗa biyu ake samun lita. Mai rubutu na ƙwarai yakan tashi ya leƙa madafar gidansu, ya duba da me ake awo, sannan ya dawo ya rubuta.

Abu na biyu, a kira cuta da sunan da masu ita ke kiranta. Ma'aikatan Bangaladash sun gano daga baya cewa mutanen karkara sun raba gudawa gida huɗu, kowace da sunanta, kuma sun fi ba da ruwan ga mai tsananin nan, sauran suna ganin saƙon bai shafe su ba. Mu ma haka muke. Akwai zawo, akwai gudawa, akwai atini, akwai kuma wanda iyaye mata ke cewa na haƙori ne, zai wuce da kansa idan haƙorin ya fito. Idan ka rubuta "gudawa" kaɗai, uwar da ɗanta ke zawo yana wata bakwai za ta ce ba da ita kake ba. Sai ka ambaci sunayen duka, ka faɗa ƙarara cewa duk yaron da ya yi bayan gida ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini ɗaya, a ba shi, ko haƙori yake yi ko ba ya yi. Haka nan kalmar déshydratation ba ta da wani amfani ga kaka mai goyon jika. Gaya mata abin da idonta zai gani: idanu sun zurma, maɗiga ta lotsa, baki ya bushe, yaro yana kuka ba hawaye, fitsari ya ragu, fatar ciki idan an tsunkula ba ta komawa da sauri.

Na uku, takarda ɗaya, magana ɗaya. Mai ilimi yakan so ya zazzage duk abin da ya sani, ya fara da gudawa ya ratsa ta zazzaɓin cizon sauro ya ɓulle a hawan jini. Mai karatu ya tashi da kai cike, hannu wofi. A tuna kuma cewa a gidajenmu da yawa mutum ɗaya ne ke karantawa, biyar suna saurare. Rubutun lafiya na kunne ne kafin ya zama na ido. Jimlolin umarni su zama gajeru, a jera su bisa yadda za a aikata su, abin da ya fi muhimmanci ya zo a farko. Ka karanta da ƙarfi. Duk inda numfashinka ya yanke, nan hankalin mai saurare zai yanke.

Na huɗu, kuma shi ne inda amana ta fi nauyi, a faɗi iyakar dabarar. Mai tallar magani a kasuwa ba ya taɓa faɗin abin da maganinsa ba ya yi. Ƙwaya ɗaya ce ke kashe basir da shawara da ciwon baya. Mai rubutun gaskiya dole ya saɓa masa. Ruwan gishiri da sukari ba ya tsayar da gudawa nan take, aikinsa mayar da abin da jiki ya zubar. Idan ba a gaya wa uwa haka ba, za ta ba da shi sau biyu, ta ga zawon bai tsaya ba, ta yanke cewa ba ya aiki, ta tafi wajen mai kwali ta sayo kafso. A faɗa mata kuma cewa garin SRO na leda da ake samu a gidan likita da kantin magani ya fi haɗin gida, domin yana ɗauke da wasu gishirai da haɗin gida ba shi da su, kuma tun 2004 hukumar lafiya ta duniya, OMS, tare da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yaro da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Sannan a jera alamun da ba a zaman gida da su. Yaron da ke da tamowa mai tsanani, shi ma ba a yi masa wannan haɗin a gida bisa ra'ayin kai, likita ake kai shi. A lokacin annobar kwalara, irin wadda ta taso daga Madarumfa a jihar Maraɗi a 2018, babba ma yana iya galabaita cikin ƴan awowi, sai a riƙa ba shi ruwan ana tafiya asibiti.

Na biyar, a bar zargi. Takardar da ta buɗe da cewa iyaye mata ƙazamai ne ko jahilai, ta rufe kunnen wadda aka rubuta dominta. Uwar da ta kwana uku ba barci a kan ɗanta tana neman wanda zai nuna mata abin yi. Kuma kada a manta da maigida, domin a gidaje da yawa shi ke ba da izinin fita da kuɗin mota. Saƙon da bai kai gare shi ba ya tsaya a rabin hanya.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa idan an tara waɗannan duka:

"Idan yaro ya yi zawo ruwa-ruwa sau uku a yini, ko da na haƙori ne, a fara ba shi SRO. A wanke hannu da sabulu. A zuba leda ɗaya cikin ruwa mai tsabta gwargwadon da aka rubuta a jikin ledar. In babu SRO, a haɗa lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe. Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi kwata zuwa rabin babban kofi bayan kowane zawo, cokali-cokali. Wanda ya wuce haka, rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Kada a daina ba shi nono da abinci. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. A kai shi likita nan da nan idan ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da komai, ko akwai jini a bayan gidansa, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. In ya kwana uku bai sami sauƙi ba, shi ma a kai shi."

Da wannan saƙo a hannu, sauran aiki biyu kafin a buga ko a tura. Na farko, a nuna wa ma'aikacin lafiya ya duba lambobin, domin matambayi ba ya ɓata, kuma ilimin likita yana sabuntawa. Abin da aka koyar shekara talatin da suka wuce ba lalle ne shi ake koyarwa yau ba. Na biyu, a yi abin da mutanen Bangaladash suka yi. Ka karanta wa wata dattijuwa a gidanku ko maƙwabta, wadda ba ta taɓa jin bayanin ba, sannan ka miƙa mata ruwa da gishiri da sukari ka ce ta haɗa. Kada ka ce mata komai, ka zuba ido kawai. Idan ta ɗauko babban cokali, ko ta tsaya tana tambayar wace gora, to gyara yana ga takardarka, ka koma ka sake ta. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku kuma iyaye masu karɓar irin waɗannan saƙonni, ga abin da za ku riƙa dubawa. Duk shawarar lafiya da ta zo muku ba awo, ba ta faɗi inda ta fito ba, ba ta kuma ambaci lokacin zuwa likita ba, ku riƙe ta a hannu kada ku wuce da ita gaba har sai kun tambayi masani. Magana zarar bunu ce, wadda ta shafi jikin yaro kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.