Kama iskar kabon: ɗalibin Makarfi ya fara daga Samaru

Duk lokacin cike fom ɗin JAMB, wayoyin matasa a Ikara da Makarfi da Kudan kan cika da sunayen kwasa-kwasai masu ƙyalli. Cikin waɗanda suka fara tashe akwai fasahar kama iskar kabon da sarrafa ta da binne ta a ƙarƙashin ƙasa. Fanni ne na gaske, amma wanda ya bi suna kawai zai iya ɓata shekarunsa da kuɗin iyayensa. Hanya mafi tabbas ta bi ne ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

A masana'anta, ana bi da hayaƙi ta cikin wani ruwan sinadari da ke tsotse iskar kabon, sannan a dumama shi a ware ta. Daga nan ko dai a yi amfani da ita wajen haɗa takin yuriya da lemon kwalba, ko a tura ta rijiya mai zurfin fiye da mita 800, inda matsi ke sa ta yi kauri kamar ruwa. Ƙasar Norway ta fara binne ta a ƙarƙashin teku, a filin gas na Sleipner, tun 1996.

Sai dai ba a gida za a binne ta ba. Ƙarƙashin arewacin Kaduna dutse ne mai tauri, irin na Kufena a Zariya, ba shi da ƙofofin da iska za ta zauna. Abin da ake nema shi ne dutsen yashi mai murfin da ba ya yoyo, kamar na Neja Delta da kwarin Binuwai da yankin Bida. Manyan masu fitar da iskar ma suna nesa: masana'antun siminti na Obajana da Ashaka da Kalambaina. A can ne fasahar ta fi amfani, domin dutsen farar ƙasa da ake gasawa shi kansa yana sakin kabon, ko da wutar sola aka kunna injinan.

Wannan ne dalilin fara karatu daga tushe. Kama iskar aikin injiniyan sinadarai ne, binne ta kuma aikin masanin duwatsu ne, kuma jami'ar Samaru, wadda aka kafa a 1962, tana koyar da fannonin biyu. Ƙwarewa ta musamman sai ta biyo baya a digiri na biyu, inda hukumar PTDF ke ɗaukar nauyin karatun ɗalibai a fannonin mai da gas.

Akwai kuma batun cin abinci. A 2021, a taron Glasgow, Najeriya ta yi alƙawarin daidaita iskar da take fitarwa da wadda take kawarwa kafin 2060, amma alƙawari ba takardar ɗaukar aiki ba ne. A duniya baki ɗaya, abin da ake kamawa a shekara bai wuce kimanin tan miliyan 50 ba, alhali ana fitar da sama da tan biliyan 35. Fasahar tana da tsada, kuma tana tafiyar hawainiya. Idan ta makara, masanin duwatsu zai samu aikin rijiyar burtsatse ko haƙar ma'adinai, injiniyan sinadarai kuma ya nufi kamfanin taki. Mai riƙe da satifiket ɗin 'yan makonni ba shi da wannan madogara.

Ɗan yankin yana da abin bincike a ƙofar gida. Makarfi da Kudan sun shahara da rake, kuma masu mazarƙwaila na ƙona ragowar raken da aka matse. Idan aka gasa ta a rufe ba tare da isasshiyar iska ba, takan zama gawayin da ke riƙe kabon tsawon shekaru a gona, ya kuma taimaka wa ƙasa ta riƙe danshi. Wannan ya isa aikin binciken ajin ƙarshe.

Saboda haka ɗalibin da ke sha'awar fannin ya dage da lissafi da fiziks da kemistiri, su ne JAMB ke nema ga injiniyan sinadarai. Datar da ke ƙarewa a kallon bidiyo kuma, a rage ta don koyon Python, wanda za a iya farawa a waya tun kafin a samu kwamfuta.