Sallama da Raƙuman Dawan Kure

Duk wanda a cikinku ya taɓa ɗauko hanyar Yamai daga Damagaram, ko Maradi, ko Tawa, ya san wurin da zan yi magana a kai, ko da bai taɓa sauka ba. Bayan an bar Doso an wuce Birnin Gaure, ana saura kamar kilomita 60 a shiga babban birni, akwai wani garin Zabarmawa da ake ce wa Kure. A daidai nan direba ya ƙagara ya isa, alhaji yana lissafin kuɗin duwan, ma'aikacin da aka turo misiyon kuma yana gyangyaɗi da jakar takardu bisa cinya. Ba mai cewa a tsaya. Alhali kuwa a cikin wannan daji da muke ratsawa a guje ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma ke kiwo, bayan sun ƙare a Senegal, da Mali, da arewacin Najeriya.

Su wa ke tsayawa? Shekara da shekaru amsar ita ce Turawa. Sai kuma wani rukuni na biyu da na lura da shi: ƴan ƙasa waɗanda biza ta fito musu. Mai haramar barin ƙasa yana da sallama iri-iri da zai yi. Zai zagaya dangi, ya nemi gafarar maƙwabta, ya je wurin malam a yi masa addu'a, ya ziyarci kabarin iyaye. Daga nan sai wata fargaba ta kama shi, ya tuna cewa ƴaƴansa za su tashi a ƙasar wasu, kuma ranar da aka tambaye su abin da ke ƙasarsu ba su da abin faɗa sai zafi da ƙura.

Irin wannan fargaba ce ta kai mu Kure a watan Agusta na 2019. Mijin yayata, ma'aikacin lafiya, ya sami aiki a Kanada, saura kwana goma su tashi. An riga an sayar da kujeru da firji, yara na kwana bisa tabarma a ɗakin da murya ke amsa kuwwa. Mahaifiyarmu ta zo daga Dakoro don sallama. Ranar Lahadi da sassafe muka cika motar aro, da kwanon dambu da gorar ruwan sanyi. Tsohuwa ta ce ita ba ta ga dalilin ƙona mai don kallon naman daji ba, amma ba ta yarda a bar ta gida ba.

A bakin hanya aka haɗa mu da ɗan jagora, domin ba a shiga sai da shi. Muka bar kwalta muka bi tsakanin gonakin hatsi, sannan muka hau tudun da geza da sabara da taramniya suka tsiro layi-layi, da fili fetal a tsakaninsu. Da damina nan dabbobin ke zama. In rani ya yi sai su gangara Dallol Boso, inda gawo ke fid da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Mun yi fiye da rabin awa ba mu ga komai ba. Ɗan jagora ya sauka ya duba sawu, ya tambayi wani yaro makiyayi, ya hau suri ya kare ido da tafi. Can ya nuna mana wani kurmi, mu ba mu ga komai ba sai itace. Sai itacen ya motsa.

Su bakwai ne, har da jariri guda wanda ya riga ya fi uban yaran tsawo. Hoto ba ya gaya wa mutum abu biyu game da wannan dabba. Na farko shirunta: halitta mai kai mita 5 tana tafe, ba ka jin ko ƙarar kara. Na biyu haskenta, domin irin namu ya fi na sauran ƙasashe fari, ƙafafunsa kamar an shafa musu alli. Suka dube mu da waɗannan idanu masu dogon gashi, suka ga ba mu da wani amfani, suka koma zarar ganye daga cikin ƙaya da harshe. Muka bi su a ƙasa sannu-sannu. Nesa kaɗan wata mata na tsinkar ganyen miya a gonarta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Tsohuwar da ta yi mitar mai ita ce ta fi kowa daɗewa a tsaye. Ta ce rabonta da ganinsu tun tana budurwa, a dajin arewacin Dakoro, kafin farin 1973. Ta jawo jikanta mai shekara takwas ta ce: "Maigida, buɗe idonka da kyau. Ni na gan su da ƙuruciya, na sake ganinsu da furfura. Kai ban san yaushe za ka sake ba." Yaron ya juyo gare ni ya ce: "Kawu, a Kanada babu su?" Ubansa ya yi sauri ya ce akwai, a gidan namun daji.

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Akwai raƙuman dawa a gidajen namun daji na Turai da Amurka, sai dai ba irin na Kure ba ne. An daɗe ana zaton waɗanda ke Faransa namu ne, har 2007 da binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa irin na Kordofan ne, wato dangin na Chadi da arewacin Kamaru. Saboda haka abin da yaron ya gani ranar nan, kuɗi ba su nuna masa shi a Montreyal ko a Paris.

Kuma saura ƙiris mu ma mu rasa shi. Fari, da farauta, da faɗaɗar gonaki sun cinye garke bayan garke, har a 1996 aka ƙirga 49 kacal. A wannan shekara ma an yi yunƙurin kama wasu don yin kyauta ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, wasu suka mutu a hannun masu kamun. Daga baya aka tsananta hana farauta, aka kawo wa ƙauyuka rijiyoyi da ƙananan rance, yawansu ya dinga hawa har ya wuce 600 a 2017. A tarurrukan Yamai ana yaba wa ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin waje, kuma sun cancanta. Amma a ganina wanda ya biya kuɗin wannan nasara shi ne manomin da raƙumin dawa ke cinye wa wake da mangwaro, ya haɗiye fushinsa bai ɗauko bindiga ba. Mu mutanen birni kuwa, gudummawarmu ita ce motocin itacen girki da ke fitowa daga wannan daji kullum zuwa murhunanmu.

Shekara guda bayan tafiyarmu, ranar Lahadi 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga bisa babura suka kashe mutum takwas a dajin: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da shugaban ƙungiyar ƴan jagora na Kure. Su ma kallo suka je, kamar mu. Baƙi suka ɗauke ƙafa, ƴan jagora suka rasa abinci, ƙauyuka suka rasa rabonsu na kuɗin shiga. A nan ne aka ga illar barin abin gida a hannun baƙo shi kaɗai: da Bature ya daina zuwa, babu ɗan ƙasa da ya saba zuwa balle ya cike gurbin. Gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, shi ma rashin tsaro ya raba shi da masu ziyara. Abin da ya rage wa yawancin yaran Yamai shi ne gidan tarihi na Bubu Hama, inda zaki ke kwance bayan ƙarfe.

Akwai labarin da ya shafi mutanen Maradi kai tsaye. A ƙarshen 2018 an ɗauki raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a mota zuwa Gadabeji, arewa da Dakoro, dajin da aka keɓe tun 1955, wanda UNESCO ta sa cikin jerinta a 2017. A 2022 aka ƙara huɗu, kuma har sun fara haihuwa a can. Wato sun koma inda mahaifiyarmu ta gan su tana budurwa. Na san alhazan da suka kai iyalinsu Dubai kallon dabbobi a keji, ban san ko ɗaya da ya tambayi ofishin gandun daji na Dakoro yadda ake zuwa Gadabeji, da wace mota, da kuma ko hanya na da lafiya a wannan wata ba. Haka nan ban ji daraktan lakwal ɗin da ya roƙi wani mai motoci ya ba shi aron guda na kwana biyu, ya kwashi ƴan aji shida ya kai su ba. Alhazan Maradi ba su saba hana abin da aka roƙe su a gaban jama'a ba.