Wa Zai Gaji Abubakar Imam?

Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a 1981, amma har yau da wuya a sami ɗalibin Hausa da bai karanta littafinsa ba.

Yana malami a Midil ta Katsina ya shiga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, inda ya rubuta Ruwan Bagaja. Daga nan aka kira shi Zariya ya wallafa Magana Jari Ce, littattafai uku. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi domin yara, shi da Dokta East suka yi Ikon Allah a kan halittu, ya kuma rubuta tarihin Manzon Allah (SAW). A 1939 ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Abin lura a nan shi ne, hukuma ce ta nemo shi, ta ba shi lokaci, ta buga aikinsa, ta kai shi makarantu. Baiwa kaɗai ba ta buga littafi.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Jigawa da ta kafa gasar rubuta littattafan yara shekara-shekara, ta buga waɗanda suka ci, ta raba su har makarantun Fagam da sauran ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu. Mai yiwuwa magajin Imam yana can yana koyarwa a wata firamare, ba wanda ya tambaye shi.