SHARHI: Kyautar Heisman: Hunter ya cancanta, amma hujjar da aka kayar da Jeanty da ita ba ta da tushe

Tun ranar 14 ga Disamba, 2024 aka miƙa wa Travis Hunter na Jami'ar Colorado kyautar Heisman a birnin New York, amma ƙurar ba ta lafa nan da nan ba. Wasannin ƙarshen shekara ma ƙara rura wutar suka yi. A daren 31 ga Disamba, Penn State ta lallasa Boise State da ci 31 da 14, ta kuma taƙaita Ashton Jeanty, wanda ya zo na biyu a zaɓen, a kan yadi 104 kacal, mafi ƙanƙantar abin da ya samu a kakar. Nan take magoya bayan Hunter suka ce gani ya kori ji. Magoya bayan Jeanty kuma suka tuna musu cewa kwana uku kafin nan BYU ta yi wa Colorado kaca-kaca da ci 36 da 14.

Heisman ita ce kyauta mafi daraja da ɗan wasa guda ke samu a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a matakin jami'o'i, wasan da ake riƙe ƙwallo a hannu ana ture-ture. Tun 1935 ake bayar da ita. Wanda ya bi cece-kucen da aka yi a watan Oktoban 2024 lokacin da aka ba Rodri kyautar Ballon d'Or aka bar Vinicius, har Real Madrid ta ƙaurace wa bikin, ya riga ya san irin wannan gardama. Bambancin shi ne a nan ɗalibai ake magana a kansu, kuma sakamakon yana shafar kuɗin da ke shiga aljihunsu da na makarantunsu.

Mutum 928 ne suka cancanci kaɗa ƙuri'a: 'yan jarida 870 da aka raba shiyya shida, sai waɗanda suka taɓa lashe kyautar, sai ƙuri'a guda ta 'yan kallo. Kowa zai rubuta suna uku. Na farko maki uku, na biyu maki biyu, na uku maki ɗaya. Hunter ya tashi da maki 2,231, Jeanty 2,017. Ratar maki 214 ita ce mafi ƙanƙanta tun 2009, shekarar da Mark Ingram ya sha da ƙyar a hannun Toby Gerhart da maki 28. Akwai kuma wani abu a cikin alƙaluman da ba a cika ambata ba. Mutum 552 ne suka sa Hunter a farko, 309 suka sa Jeanty, amma sunan Jeanty ya fito a takardu 882, na Hunter a 866. Ma'ana, wasu masu zaɓe sun ga cewa wanda ya lashe kyautar bai ma isa shiga ukun farko ba. Wannan ba saɓanin ra'ayi ba ne kan wanda ya fi wani. Alama ce cewa masu zaɓen ba su yarda da juna ba kan abin da suke aunawa tun farko.

Abin da Jeanty ya yi a bayyane yake, ba ya buƙatar tafsiri. Aikinsa shi ne a danƙa masa ƙwallo ya ruga da ita ta cikin ƙattin da ke jiran su kayar da shi, kuma da yadi ake auna tafiyar, yadin nan dai da tela ke auna atamfa da shi. Lokacin da aka rufe zaɓe yana da yadi 2,497, ya kuma kai ƙwallo gidan abokan hamayya sau 29 da gudu, kowane kai maki shida. Da wasan Penn State jimillar ta zama 2,601, saura yadi 27 ya kamo tarihin da Barry Sanders ya kafa a 1988. Gaskiya ne Sanders a wasa 11 ya yi nasa, Jeanty a 14, kuma babu mai adalcin da zai daidaita su. To amma a cikin shekara 36 babu wanda ya matso kusa da Sanders kamar haka. Yadin da Jeanty ya ci bayan an riga an taɓa shi ko an riƙe shi, su kaɗai, sun fi dukkan abin da kowane mai gudu a ƙasar ya tara a kakar. Kowace ƙungiya ta san shi za a ba ƙwallon, ta tara mutane a gabansa, ya bi ta kansu ya wuce. A kan kafaɗarsa Boise State ta ci wasa 12 cikin 13, ta lashe rukuninta na Mountain West, ta shiga gasar fitar da zakaran ƙasa a karon farko da aka faɗaɗa ta zuwa ƙungiyoyi 12.

Na Hunter ne ke da wuyar aunawa. A wannan wasa kowace ƙungiya tana da runduna biyu: masu kai hari, da masu tsaro. Idan ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, mutum 11 su fita, wasu 11 su shigo. Haka abin yake tun tsakiyar shekarun 1960, lokacin da aka saki dokar canjin 'yan wasa, kuma tun daga nan kowa ya tsaya a fanninsa. Hunter ya ƙi fita. Idan Colorado ke da ƙwallo, shi ne babban mai cafke ta: ya cafke sau 92, yadi 1,152, ya kai gida sau 14. Idan ta kuɓuce musu, sai ya juya ya zama mai tsaron gefe, ya bi sawun gwanin cafkewa na ɗaya ɓangaren. Ya ƙwace ƙwallo a sama sau huɗu, kuma masu jefawa da yawa sun gwammace su kauce wa gefensa gaba ɗaya. Wasan tashi-tashi ake yin sa, a ja daga, a gwabza na 'yan daƙiƙu, a tsaya, a sake jeri. Hunter ya shiga irin wannan tashi fiye da 1,300 a kaka guda, kusan ninkin abin da cikakken ɗan wasa ke yi. A wasan Baylor a watan Satumba, bayan ya cafke ƙwallo ta fiye da yadi 100 a ɓangaren hari, shi ne kuma ya fizge ta daga hannun mai gudu a bakin layin gida a ƙarin lokaci, wasa ya ƙare.

Masu suka suna cewa ba shi ne na ɗaya a ko ɗaya daga cikin fannonin biyu ba: akwai waɗanda suka fi shi yawan yadi a cafkewa, kuma bai shiga ukun ƙarshe na kyautar Jim Thorpe ta masu tsaron baya ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta kauce wa tambayar. An ba shi kyautar Biletnikoff ta gwanin cafkewa da kyautar Bednarik ta gwanin tsaro a mako guda, abin da ba a taɓa yi ba. Charles Woodson, wanda ya kayar da Peyton Manning a 1997 kuma ake yawan kwatanta su, mai tsaro ne da ake aro wa ɓangaren hari jefi-jefi. Hunter ba aro ba ne. A ganina, idan kyautar ta ɗan wasan da ya fi fice ce, kamar yadda masu ita ke cewa, to wanda ya yi abin da aka shafe fiye da rabin ƙarni ana ɗauka ba zai yiwu ba, ya kuma yi shi da kyau a ɓangarorin biyu, ya fi fice. An taɓa ganin irin Jeanty, ko da sau ɗaya ne, a 1988. Irin Hunter a wannan zamani ba a gani ba.

Da a nan masu zaɓen Hunter suka tsaya, da babu abin cewa. Amma hujjar da ta fi yawo a gidajen talabijin da shafukan sada zumunta ba wannan ba ce. Cewa aka yi ta yi Jeanty da ƙananan makarantu ya kara, don haka a rage wa alƙalumansa daraja. A nan ne aka yi masa rashin adalci.

Na farko, an gwada shi da babba. A mako na biyu Boise State ta je gidan Oregon, ƙungiyar da ta gama kakar ba a doke ta ba kuma ta shiga gasar zakara a matsayin ta ɗaya a ƙasar. Jeanty ya yi musu yadi 192, ya kai gida sau uku, kuma sai da bugun ƙarshe Oregon ta sha da ci 37 da 34. Colorado ba ta kara da ƙungiya mai wannan ƙarfi ba duk kakar. Nebraska da Kansas State da Kansas duk sun doke ta. Na biyu, mai cewa abokan karawar Jeanty raunana ne ya manta cewa masu share masa hanya ma ba 'yan Alabama ko Ohio State ba ne. Daga kasuwa ɗaya aka ɗebo su da waɗanda yake turewa. Akwai ma wasannin da kocinsa, Spencer Danielson, ya zaunar da shi bayan hutun rabin lokaci saboda an riga an yi nisa, wanda ke nufin sauƙin abokan hamayya rage masa yadi ya yi a wasu ranakun, ba ƙara masa ba.

Batun wasan Penn State kuwa, an buga shi ne bayan an rufe zaɓe da makonni, kuma yadi 104 a gaban ɗaya daga cikin mafi tsaurin tsaro a ƙasar ba abin kunya ba ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Rabon da wani daga wajen manyan rukunai ya lashe Heisman tun Ty Detmer na BYU a 1990. Dalilin ba ya rasa nasaba da kuɗi. Yarjejeniyar talabijin da rukunin Big Ten ya sa wa hannu a 2022 ta kai kimanin dala biliyan bakwai na shekara bakwai. Ta Mountain West, inda Boise State take a lokacin, dala miliyan 270 ce na shekara shida. Tashar da ta zuba biliyoyi a kan wani rukuni, 'yan wasansa za ta nuna a lokacin da kowa ke kallo, su kuma masu sharhinta za su yi ta ambata. Ɗan jaridar da ke da ƙuri'a ba zai iya kallon wasannin makarantu fiye da 130 ba. Abin da aka sa masa a gaba shi yake gani. Ba mamaki shiyya ɗaya tak da Jeanty ya ci ita ce ta yamma mai nisa, inda mutane suka fi kallonsa da idonsu.

Hunter kuwa a tsakiyar fitila ya yi kakarsa. Kocinsa Deion Sanders, tsohon tauraro da ya san sirrin kyamara fiye da kowa a wannan sana'a, ya mayar da Colorado abin kallo tun kafin ta fara cin wasa; a 2023 wasa huɗu kacal suka ci cikin 12, amma miliyoyi ke kallonsu. Wannan ba laifin Hunter ba ne, kuma shi ma ba ta hanyar da aka saba ya zo ba. Shi ne ɗalibin sakandare da aka fi nema a Amurka, ya juya wa Florida State baya ya bi Sanders zuwa Jackson State, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata, kafin su koma Colorado tare. Amma dole a faɗa: da a Boise ya yi abin da ya yi, da shi ma an ce masa da yara ya kara.

Abin da ke cikin wannan ya wuce gunkin tagulla. Tun Yulin 2021 aka halatta wa ɗaliban 'yan wasa karɓar kuɗin talla da sunansu, kuma yanzu suna iya sauya makaranta ba tare da zaman jira ba. Tsarin da ya taɓa sa Reggie Bush ya mayar da kyautarsa ta 2005 saboda alherin da aka yi wa iyalinsa ya rushe, har aka dawo masa da ita a Afrilun 2024. A wannan sabuwar kasuwa, duk yaron da ya yi fice a ƙaramar makaranta, manya na zuwa da jakar kuɗi su ɗauke shi. Jeanty, ɗan sojan ruwa da ya fara buga wasan sakandare a kusa da Naples ta Italiya, yana da damar tafiya bayan kakar 2023, ya zauna. Ya yi kakar da ba a ga irinta ba cikin shekaru talatin da wani abu, ya kai makarantarsa inda ba ta taɓa zuwa ba, aka ce masa wurin da ya zauna ne matsalar. Duk wani yaro mai hazaƙa a ƙaramin rukuni, da iyayensa, da wakilinsa, sun ji wannan saƙo sarai.

Wani abu guda da ya kamata a yaba wa masu zaɓen 2024 shi ne sun karya al'adarsu. Daga 2000 zuwa 2023, sau 20 cikin 24 mai jefa ƙwallo ne ke tafiya da kyautar, galibi na ƙungiyar da ke kan gaba. Da an bi wannan, da Dillon Gabriel na Oregon ne zai ɗauka. Sai ga shi na uku da maki 516, Cam Ward na Miami na huɗu. Sauran kyaututtukan ma rabuwa suka yi: Walter Camp ta tafi ga Hunter, Maxwell, wadda ita ma ta gwarzon shekara ce, ta tafi ga Jeanty. Shi kansa Jeanty bai ɓoye ba, ya ce yana ganin shi ya kamata a ba, ya kuma taya Hunter murna.

Boise State dai ta riga ta yanke shawararta: tun watan Satumban 2024 ta sanar da cewa za ta bar Mountain West ta koma Pac-12 a 2026. Su kuma 'yan wasan biyu an ɗauke su a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL da aka yi a Green Bay a watan Afrilun 2025, inda ya rage wa ƙungiyar da ta ɗauki Hunter ta yanke ko za ta bar shi ya ci gaba da buga ɓangarori biyu a kakar da ke da wasa 17, ko ta tilasta masa ya zaɓi ɗaya.