Kafin Ka Sayi Tsohuwar Mota Mai Buɗaɗɗen Kai

Makon jiya wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Abuja ya kira ni cikin zumuɗi. Ya je ta'aziyya Kebbe, sai ya hangi wata tsohuwar Land Rover mai rufin tamfol jibge a bayan wani gida, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da ita akurki. Magadan sun ce in bai saya ba, 'yan gwangwan za su auna ta a sikeli. Shi kuwa har ya fara mafarkin ranar Sallah, ya yaye tamfol, ya ratsa Tambuwal yana ɗaga wa jama'a hannu. Ya ce, "Malam, me ka gani?" Na ce masa ya fara nemo bakaniken da ya san ta, sannan ya zo mu yi maganar kuɗi.

Ban ga laifinsa ba. Irin waɗannan motoci guntun tarihinmu ne. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ita ce motar hakimai da jami'an gona da malaman asibiti tun kafin kwalta ta kai garuruwa da yawa. Peugeot kuwa, wadda muke kira Fijo, ta zama 'yar gida tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, har samfurin 504 ya zama motar gwamnati da ta haya da ta kai amarya. Motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta a 1976 tana ajiye a gidan tarihi na Legas, mutane na zuwa kallo. Mu a nan, namu tsofaffin motocin muna sayar da su da kilo.

Sai dai son abu daban, iya riƙonsa daban. Wanda zai sayi irin wannan mota ya fara da takardu. Ya duba lambar shasi da ta inji, ya tabbatar sun dace da abin da ke rubuce, kuma dukkan magada sun amince da cinikin, domin motar gado ta sha raba zumunci. In ya ga sitiyari a hannun dama, akwai alamar ta girmi 1972, shekarar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya, kuma wuce babbar mota da ita a kan titin Sakkwato zuwa Jega zai buƙaci haƙuri da kaffa-kaffa.

Bayan takardu sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Jikin tsohuwar Land Rover na alminiyum ne, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, don haka yana iya ruɗin ido alhali shasin da ke ɗauke da shi ya cinye. Ita kuma Fijo tana da nata tarkon. Kamfanin ya ƙera 504 mai buɗaɗɗen kai a Turai daga 1969, amma kaɗan ce, kuma ba a harhaɗa irinta a Kaduna ba. Saboda haka in an nuna maka 504 mai ƙofa huɗu ba rufi, to wani mai walda ne ya yanke mata kai. Ƙarfin wannan mota a jikinta yake, rufin na cikin abin da ke riƙe ta. Da zarar an cire shi, ramukan hanya za su lanƙwasa ta, ƙofofi su daina rufuwa, ranar hatsari kuma babu abin da zai kāre na ciki.

Sai yanayinmu. Turawan da suka ƙirƙiri mota mai buɗaɗɗen kai rana suke nema, mu kuwa inuwa muke nema. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, yana ƙona tamfol, yana fasa robobi da kujeru. Hunturu ya zo da ƙurar da ke toshe kafireto, damina ta sami tamfol ya yage ta jiƙa ƙasan mota. Dole a yi mata rumfa, a riƙa tayar da ita ana zagayawa ko sau ɗaya a mako, a kula da ruwan lagireto da man birki, a sauya tayoyin da suka daɗe ko da zanensu bai goge ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kowace fita da irin wannan inji mai shan mai sai an yi lissafi.

Kayan gyara ba su ne babbar matsala ba. Mai haƙuri zai samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Abin da ke ƙarewa shi ne hannun da ya san aikin. Bakaniken da zai saurari ƙarar inji ya gane kwantak ne ko fulogi, yau ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Yaran da ke garejinsa sun fi karkata ga gyaran babur da motocin da ake binciken ciwonsu da kwamfuta, kuma ba su yi kuskure ba, can ne abinci yake. Amma duk ranar da aka rufe irin wannan dattijo, an rufe shi da ilimin da ba a rubuta ba.

Shi ya sa shawarata ga ɗalibina, da duk mai hali daga Dogon Daji zuwa Kuchi, ita ce: in za ka ceci motar, ka haɗa da mai gyaranta. Ka biya dattijon hakkinsa da daraja, ka ɗauki nauyin yaro ɗaya ya zauna kusa da shi har aikin ya kammala. In ba za ka iya ba, ka bar wa wanda zai iya, domin ɗaukar ta daga bayan gida a Kebbe a kai ta ta ruɓe a bayan gida a Abuja ba ceto ba ne.

Jiya ya sake kirana. Ya ce ya sami wani tsohon bakanike a Tambuwal, sun je sun duba ta tare. Dattijon ya daɗe kwance a ƙarƙashinta, ya fito yana kaɗe riga, ya ce, "Ɗana, za ta tashi, amma kada ka sa mini rana."