Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne

Jama'ar Kurfai, ku saurara. A Filinge da ƙauyukanta, mutum in ya samu kuɗi sai ya rushe ɗakin ƙasa, ya yi na siminti da rufin kwano. Bazara ta zo, zafi ya kore shi waje. Wai shi ci gaba!

Ku dubi Italiya. Suna adana ginin kakanninsu, baƙi suna biyan kuɗi su gani. A birninsu na Benis ana babban taron nuna fasahar gini. A 2023 an gayyaci ƴar Nijar, Mariam Kamara, ta nuna aikinta. Ita da abokiyar aikinta suka gyara tsohon masallacin ƙasa na Dandaji, cikin jihar Tawa, ya zama gidan littattafai a 2018. Masallacin Yama kuwa, wanda Falke Barmu ya gina da laka, ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Wasu na cewa ruwa na cin ƙasa. Maganinsa yaɓe kafin damina da indararo mai kyau. Ku biya maginanmu da daraja, ku ba su yara su koya. In tsofaffin magina suka ƙare, wa za mu tambaya?